Ranar da Zarton Lantarki Ya Kama Hannun Rigata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma wata Juma'a a Keita ba za ta fita daga kaina ba har a sa ni cikin ƙasa.

A Madawa na koyi kafinta, da zarton hannu. In za mu haɗa kusurwa, muna da ɗan akwatin katako mai tsaga a karkace, ka sa zarto cikin tsagar ka yanka, baki biyu su haɗu kamar an haife su tare. Da shi na ci abinci shekaru. Bayan farin nan da ya cinye mana gero, aiki ya mutu, na bar iyali a Urno na tafi Keita, na samu wuri a wani atiliye da ake yin ƙofofi da tagogi.

Can na fara ganin zarton lantarki, mai faifai, wanda ake saukowa da shi daga sama. Shef ɗinmu, wato shugaban atiliyen, ya nuna mana: ka juya shi zuwa lamba arba'in da biyar, ka ɗaure, ka share dusar katako, ka gwada a guntu, ka danne katakon da ƙarfen matsewa, sannan ka yanka. Ina jinsa ina gyaɗa kai. A raina kuwa cewa nake, ni za a koya wa kusurwa?

An ba ni kewayen ƙofar wani kabad. Kusurwa uku suka zauna, ta huɗu ta buɗe baki, har tsinken ashana yana shiga. Shef zai duba aikin ran Asabar, ni kuma na ƙi a ce tsohon kafinta ya kasa. Da aka sauko Juma'a sai na biya atiliye da babbar rigata, ban ko je gida ba. Babu kowa sai wani dattijo mai gadi, shi ke kuma tayar da gurup, injin da ke ba mu wuta.

Na ce, "Baba, tada mini gurup, minti biyu. Ɗan gashi guda zan aske wa katakon nan."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Da wagga riga? Ango kake ko kafinta? Tuɓe ta."

"Haba Baba, sai ka ce yau na fara."

Na naɗe hannayen rigar na aza a kafaɗa, yadda kowa ke yi in zai yi alwala. Na cusa ɗan kwali bayan katakon don yankan ya ɗan karkata. Da kwalin a wurin, ƙarfen matsewa ya ƙi kamawa, sai na riƙe da hannun hagu. Na kunna, na sunkuya in ga layin fensir da kyau.

Sunkuyawar nan ce ta kashe ni. Hannun rigar ya zamo daga kafaɗata ya faɗa kan faifan.

Ban ji zafi ba. Fizga na ji, kamar raƙumi ya ja ni. Rigar ta nannaɗe, ta ja hannuna ciki, wuyanta ya shaƙe ni, fuskata ta sauko har ina jin iskar faifan a kumatuna. Ya kamata in saki makunnin, amma hannun dama ya ƙanƙame shi, ya ƙi jin maganata. Na so in yi salati, murya ba ta fito ba. Injin yana gurnani, yana cin yadi, yana matso da ni.

Sai gurup ya mutu. Shiru.

Ina nan a duƙe, hannun hagu ya ɓace cikin tsumma, jini yana bin teburin yana ɗiga a kan takalmina. Ba na jin yatsuna ko ɗaya. Abin da ya zo mini shi ne wani mutum da na sani a kasuwar Buza, da dungulmin hannu, yana zaune yana kallon masu aiki. Yara biyar gare ni, ba gona mai kirki, ba wata sana'a.

Ashe Baba ne ya kashe gurup. Ya iso yana haki, wuƙarsa a hannu. "Kada ka motsa! Kada ka ja!"

"Baba, hannun na nan?"

"Rufe mini baki in gani."

Ya dinga yanka rigar a hankali. Na rufe ido, na ƙi dubawa. Sai na ji yana taɓa wani abu yana ƙirgawa.

"Ɗaya. Biyu. Uku." Ya tsaya. Wallahi tsayawar nan ta fi mini shekara. Ashe wani zare yake warwarewa. "Huɗu. Biyar. Buɗe idonka, ragon banza, duk suna nan."

Faifan ya tsaga ni daga gindin babban yatsa zuwa tsintsiyar hannu. Yadin da ya cushe shi ne ya rage masa ƙarfi. Baba ya ɗaure ni da rawaninsa, ya kai ni gidan likita aka ɗinke. Har yau babban yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai.

Da na koma aiki bayan sati uku, shef bai yi mini faɗa ba. Ya kai ni gaban injin, ya sa yatsa ya kwarfo dusa daga gindin ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa. Ta daskare a wurin, ita ta ɗaga katakona ta karkatar da yankan. Ya hure, ya danne guntu biyu, ya yanka, ya haɗa. Ko gashi ba zai shiga ba.

Hurewa ɗaya ke nan. A kanta na kusa barin hannuna.

Tun ranar, in kusurwa ta buɗe baki, ba na yi mata dabara. Na kashe inji, in share, in gwada a guntu, in danne. Duk wanda kuma ya shigo wurin aikina da babbar riga, ko surukina ne, a bakin ƙofa yake tuɓe ta.