Katin da Yaya ya sayo a Idumota

Har yau idan na tuna katin nan sai haushi ya kama ni.

Shekarar da na haifi ɗana na fari a Agege, Baba ya zo suna daga gida. Mutum ne da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Motar albasa ya biyo har kasuwar Mile 12, ƙafafunsa duk sun kumbura, kuma ya ce kwana biyu kawai zai yi mana.

A lokacin Yayana ya samo wata kyamara a hannun ogansa, irin wadda ba a sa mata fim, sai wani ɗan kati da hotuna ke taruwa a ciki. Mijina ya ce masa, "Don Allah ka sayo sabon kati a shago, mai kwali a rufe." Ina! Yaya ya tafi kasuwar Idumota ya haɗu da wani mai tebur a bakin titi. Mutumin ya gaishe shi da Hausa, ya tambaye shi garinsu, ya ce ai kakarsa ma 'yar can ce. Shi ke nan fa. Ya miƙo masa kati tsirara, ko leda babu, ya rantse sabo ne dal.

"Yaya, ka gwada shi kuwa?" na tambaye shi.

"Ke, ɗan gida ne fa. Zai cuce ni ne?"

Ranar suna sai da ni da ƙanwar Baba muka yi ta lallashi kafin ya zauna a kan tabarma, ya gyara hula, ya karɓi jaririn. Yaya ya danna. Hoton ya fito a ɗan gilashin bayan kyamarar, muka yi ta leƙe. Baba ma ya duba, ya ce, "Ashe haka na tsufa?" Ya yi dariya har da tari. Washegari ya hau mota.

Da Yaya ya kai katin wurin masu kwamfuta a wanke, suka ce babu komai a ciki. Tsohon kati ne da ya riga ya mutu, aka goge shi aka manna masa sabuwar takarda. Wallahi da goyona a baya na bi Yaya har Idumota, motocin haya na danfo biyu muka hau, ina yi masa masifa duk hanya. Muka tarar da mutumin a teburinsa. Yaya ya yi masa sallama, sai ga shi wai ba ya jin Hausa! Yarbanci ya koma yi mana, yana kallon wani wuri. Na zage shi da Yarbancin, tunda a nan na girma, har mutane suka taru. Bai dawo mana da komai ba.

Yaya ya ce in yi haƙuri, idan mun je gida da Sallah zai sake ɗauka. Mun je. Baba yana kwance a ɗaki, ya rame har ban so a gan shi haka ba. Yaya ya ciro kyamara da sabon katinsa mai kwali, ni da kaina na riƙe masa hannu na ce ya mayar da ita jaka.