Armiya'u, Mai Rage wa Tsofaffi Shekaru

Kowace safiya Armiya'u kan ɗaure jakarsa a bayan babur, ya bar Kaura Namoda shi kaɗai. Yau Zurmi, gobe Shinkafi, hanyoyin da direbobi ma ke shakka. Wakili ne na wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa. Abokan aikinsa sun gudu Gusau tuntuni. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ba a kuwa turo madadinsa ba.

Tun da hukuma ta tsaurara ƙa'idoji, kamfanin ya daina karɓar wanda ya haura saba'in. A ƙasarmu kuwa tsoho ƙara wa kansa shekaru yake yi, don girma ne.

Haka Baba Na'Allah na Moriki ya yi. Yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa ya shirya biya masa inshora, aka tambayi tsohon shekarunsa, ya ce tamanin. Aka rufe magana.

Armiya'u ya dube shi, bai yarda ba.

"Baba, da wa aka yi muku kaciya?"

"Duk sun riga ni, ɗana. Sai Haladu, in yana raye. Ragon da ya cika gari da kuka."

Armiya'u ya bi gari gari har ya samo Haladu a Shinkafi, ya goyo shi zuwa gaban alƙali. Haladu ya rantse cewa shekarar da aka fara yaƙin basasa aka yi musu, suna 'yan shekara bakwai. Na'Allah ko saba'in bai kai ba. Saura ya amsa da bakinsa, a gaban jama'a.

"Ka san mi kake shirin yi mani?" in ji tsohon. "Yara su daina durƙusa mani!"

"Ka dai gan su, Baba, ko a tsaye suke."

Ya amsa. Aka yi aikin, ido ya buɗe. Wasu sun daina durƙusawar. Yanzu Na'Allah kan hango Armiya'u tun daga bakin kasuwa, ya kau da kai.

Armiya'u, na gaba mai ganin ƙaya, kai ne ka ɗauki fushin dattijo don ya ga hanyar masallaci. Ba ka jira godiya ba, ba ta kuwa zo ba. To ga tamu, Allah ya saka.

Samarin Kaura, tsofaffin na nan, hanyar ma na nan. Wani ya hau babur.