Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Ku matso kusa, manya da yara, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu gizo a cikinta. Abu ne da ya faru da ni, kuma har ranar da za a rufe ni da ƙasa ba zan manta da shi ba.

Ni mutuniyar Danwarai ce, a ƙasar Aliero. Can aka haife ni, can aka yi mini aure, can na tsufa tsakanin dashen albasa da cirarta. Haihuwa tara na yi, shida suka rayu. Ta farinsu mace ce, kuma a kanta labarin nan yake.

A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai ta shige ƙuryar ɗaki. Da wannan kunyar ake gane ɗiyar mutunci. Tawa kuwa kunyar biyu ce, don sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar. Da aka yaye ta, ƙanwar mijina ta ɗauke ta riƙo zuwa Maiyama. Can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji a Jega. Shekara arba'in da bakwai, in tana gabana in ce mata "ke", in ba ta nan in ce "wance ta Jega". Ni a ganina ban rage ta da komai ba. Duk kaka ina aika mata buhun albasa mafi kyau, na ɗauka ta san abin da buhun yake faɗi.

Sai ciwo ya kama ta. Likitoci suka ce ƙari ne a cikinta, sai an yi mata aiki a Abuja, inda babban ɗanta yake zaune. Uwar riƙonta ta riga mu gidan gaskiya, sai ɗiyar tawa ta aiko cewa ni take so in yi jinyarta. Na ɗaure ƙunshina na bi ta.

Mun wuce Yauri da kaɗan, mota ta yi shiru, sai ɗiyata ta jingino kusa da ni ta ce, "Inna, in Allah ya sa ban tashi daga aikin nan ba, abu ɗaya zan tafi da shi a rai."

Na ce, "Mi ne ne?"

Ta ce, "Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ƙannena duka kina kiransu, har da sunan wasa. Ni kaɗai ce ke."

Na ce, "Ke, rufa mini baki, cikin mutane muke." Na juya fuskata ga taga. Ta yi 'yar dariya wadda ba dariya ba. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji kamar na haɗiyi ƙwallon goruba.

Ana gobe za a ba ta gado a asibiti, jikan nawa ya shigo da safe yana murza makullin mota. Ya ce, "Matata, shirya, yau zan fita da ke yawon amarci."

Na ce, "Tafi can, mijin da bai taɓa cika kwando ɗaya da albasa ba."

Ya ce akwai wani babban filin wasa da ya cika shekara ashirin da biyar da buɗewa, ana biki, kowa na zuwa. Na ce mu da muka zo jinya ina mu ina wasa? Sai uwarsa ta ce ta gaji da kallon silin, tana so ta ga mutane suna dariya kafin a kwantar da ita. Wa zai hana mai ciwo abin da ranta yake so? Muka tafi.

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Na sha zuwa kasuwar Jega ranar da ta cika ta batse, amma wannan taron ya shafe ta. Tutoci da balan-balan ko'ina. Ga wani lilo kamar ƙafar amalanke, tsayinsa ya fi giginya uku, yana ɗaga mutane sama yana sauko da su. Ga dawakan katako suna zagaye da yara. Ga mutane sun sa kan zaki da na zomo suna rawa, wani zomon har ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa masa don ban san ko babba ne a ciki ba. Muka shiga wani ɗan jirgin ƙasa ya zagaya da mu ta cikin kogo, ina salati, ɗiyata tana dariya har da hawaye. Rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin ciwon. Jikana ya saya mini askirim, na lasa sau ɗaya, sanyin ya bi ta dasashina ya hau kai, na miƙa masa kayansa.

Wajen azahar aka kira shi a waya daga asibiti, wai ya je ya karɓi wasu takardu. Ya zaunar da mu a benci cikin inuwa, ya ce zai dawo da la'asar. Ya ja ni gefe, wannan karon babu wasa a fuskarsa, ya ce, "Kaka, kada ki bar ta ta yi yawo cikin rana. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in ta faɗi ba za a yi aikin gobe ba, ƙila ma abin ya fi haka."

Da ya tafi, ɗiyata ta ce in je in yi salla in dawo, sannan ita ta je. To, a fadama in za ka ajiye kaya sai ka nemi shaida, tsamiya ko giginya, abin da ba ya gusawa. Na duba, sai ga wata giwa ta ƙarya a bayan bencinmu, an shafe ta da fenti, ta kai rumbu biyu girma. Na ce a raina, ga shaidata nan. Wa zai ɗaga wannan?

Na idar da salla na fito, na ɗaga kai, na hango kan giwar can. Na nufe ta. Ina tafiya tana ƙara nisa, na ce ko idona ne. Ashe a kan mota take, ita ce ke jan jerin gwanon biki, makaɗa na biye da ita. Kafin in gane, ta kai ni bakin wani tafki da ake yawo cikin jiragen ruwa masu siffar agwagwa. Babu benci, babu ɗiyata. Wayata kuwa tana cikin jakarta.

Ban ji tsoro don kaina ba. Tsohuwa in ta ɓata ai wani zai tsince ta. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne na san halinta, in ta ga na daɗe za ta tashi ta shiga rana nemana. Na yi gabas, na yi yamma, duk bencin da na duba wasu ne a kai. Ina cikin haka wani dattijo mai gadi ya tare ni, ya ji bayanina, ya kai ni wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga. A ciki akwai wata budurwa zaune gaban abin magana, ita ce muryarta ke fita ta lasifika a duk filin.

Ta ba ni kujera ta ce, "Sannu Mama. Ke da wa kuka zo?"

Na ce, "Ni da ɗiyata."

"Yaya sunanta?"

Na ce, "Wance ce, ta Jega."

Ta ce, "Wance kuma? Mama, kin manta sunan 'yarki ne?"

Na ce, "Ban manta ba, ɗiyar nan. Ta fari ce."

Ta dubi mai gadin, ba ta gane ba. Shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyar fari ce, ko wuƙa kika sa mata ba za ta faɗa ba. Ni ma ɗan fari ne. Har tsohuwata ta bar duniya, kai wannan take ce mini."

Budurwar ta ce to in raɗa mata a kunne. Na kai bakina har kunnenta, harshena ya ƙi motsi. Sai ta yi cigiya haka nan: matar da ta zo daga Jega, mahaifiyarki tana ɗakin sanarwa. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Turanci, har sau uku. Babu wanda ya zo. Lokacin ana yanka wani kek mai hawa-hawa, kiɗa ya cika wuri. Kuma tun safe take cigiyar yara da takalma da makullai, kunnuwan mutane sun daina jin muryarta.

Mai gadin ya ce, "Hajiya, mutum ko barci yake, sunansa ne ke tada shi. Ki taimaki ɗiyarki."

Ina jujjuya maganarsa, sai na hango ta taga mutum biyu sun ɗauko wata mata a kan gadon ɗaukar majinyata, zafi ya sumar da ita. Na miƙe ban san na miƙe ba. Da suka matso na ga zanen ba nata ba ne. Amma a ɗan wannan tsakanin na riga na gan ta kwance, na ga an rufe mata fuska, na ga kaina ina komawa Danwarai da sunan nan a bakina, babu sauran mai amsa shi.

Na ce wa budurwar, "Ba ni abin nan."

Ta ce, "Ki faɗa mini kawai, ni zan sanar."

Na ce, "A'a. In zai fita, daga bakina zai fita."

Ta miƙo mini. Na karɓa. Na nemi gafarar uwar mijina a zuci, na yi bisimilla, na kira sunan. Na ji muryata ta dawo mini daga kowace kusurwa ta filin, kamar tsofaffi goma ne ke kira tare. Na sake kira, na ƙara na uku. Na ce, "Ni ce Innarki. Kada ki yi gudu, taka a hankali, ina ɗakin da ke bakin ƙofa."

Ba a daɗe ba sai ga ta, gumi ya jiƙa mayafinta, leɓenta ya yi fari, tana dafa bango. Daga baya ta gaya mini ta kai har ƙarshen filin tana nemana, jiri ya fara ɗibarta, ba ta ji cigiyar farko ba ko ɗaya. Ta ce da sunan ya faɗo daga sama da muryata, sai ta ɗauka ta riga ta mutu.

Ta tsaya a ƙofa tana kallona. Ta ce, "Inna, ke ce?"

Na ce, "To wa?"

Ta ce, "Sake faɗi."

Na ce, "Ke, ba ki da ta ido? Duk Abuja ta ji, bai ishe ki ba?"

Ta ce, "Wancan na Abuja ne. Ba ni nawa."

Na kama hannunta na zaunar da ita, na faɗa mata shi a hankali, ita kaɗai. Ta kifa kanta a cinyata, mace mai jikoki, tana kuka kamar ranar da aka ɗauke ta zuwa Maiyama. Mai gadin ya juya ya fuskanci bango. Budurwar ta kawo mata ruwan sanyi da yankin kek ɗin biki, ta kunna mata fanka, ba ta bar mu mun fita ba sai da jikana ya dawo. Da ya ji labari ya riƙe baki ya ce, "Matata, daga barin ki na awa biyu har kin zama 'yar rediyo?"

Washegari aka ba ta gado. Da za a tura ta ɗakin aiki na kira ta a gaban likitoci, ta amsa. Da ta farfaɗo ma da sunan na tarbe ta.

Allah ya ba ta lafiya. Yau shekara huɗu ke nan, tana Jega tana sayar da atamfa a cikin gida, ta aurar da autarta bara. Jikana ya yi aure, har an yi mini takwara. Mai gadi da budurwar nan ban sake ganinsu ba, ban ma san sunayensu ba, amma duk salla suna cikin addu'ata, su da wanda ya gina wurin nan. Matan Danwarai da labari ya iske su, wasu suka ce birni ya cinye mini kunya. Amma wata tsohuwa, sa'ata, ta biyo ni har ɗaki ta tambaye ni a asirce ko abin yana da wuya, don nata ɗan farin yana Legas kuma ba ya jin daɗin jikinsa. Na ce mata na farkon ne kawai mai nauyi.

Ni dai ga ni nan, ina godiya ga Allah da ya ɓatar da ni a ranar nan. Ban ce a yar da kunya ba, ado ce, da ita aka raine mu. Abin da na koya shi ne, ɗa ba ya ganin abin da ke cikin zuciyar uwa sai ta fito masa da shi. Duk mai wata magana da yake ɓoye wa nasa, ya faɗa masa tun yana da kunnen ji da bakin amsawa.