Na Bar Goggona Tana Salla a Kan Kujera

A wancan lokacin ni ce yarinyar da in ana raba ƙungiya a filin wasan makarantarmu kowane ɓangare ke tura wa ɗayan. Ga jiki, ga nauyin ƙafa, in na taka da gudu har malamin wasanni sai ya juya baya yana ƙyaƙyatawa. Da tsanar jikina na girma, da ita na zo karatu Manchester. Bayan haihuwata ta fari baya ya riƙe ni, likita ta tura ni ajin Pilates a Ardwick, wato motsa jiki a hankali a kan shimfiɗa don ƙarfafa baya da ciki. Na je da zumbulelen hijabi na raɓe a lungu. Na samu sauƙi, abin ya shiga raina, har na yi kwas na zama malama.

Amma wallahi kunya ba ta sake ni ba. Danginmu na Birmingham likitoci ne da injiniyoyi, kuma sun san ni tun ina faɗuwa a filin wasa. Ni ce zan ce ina koyar da motsa jiki? Tabɗi, ai sai sun riƙe ciki don dariya. Sai nake ce musu aikin ofis nake yi a Oxford Road.

Ana haka ciwon baya ya hana goggona, ƙanwar babana da ke unguwar Sparkhill a Birmingham, yin sujada. Matar da ko nafila ba ta wuce ta, ta koma salla a kan kujera. Duk zuwan da na yi sai ta ce mini ba ciwon ne ke damunta ba, goshinta ne ke kewar ƙasa. Asibiti sun nuna mata motsin da za ta riƙa yi, ta dawo gida ta kasa ita kaɗai, ta watsar. Ni kuwa abin da nake koya wa tsofaffin Turawa ke nan kullum. Sai in ce Allah ya ƙara sauƙi, in hau jirgin ƙasa in koma. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, tana zaune.

Ranar da na tarar tana ƙoƙarin durƙusawa ta kasa, hawaye na zuba, na kasa daurewa. Na tura ƙofa na faɗa mata gaskiya. Ta ce to me nake jira, in shimfiɗa darduma. Duk ƙarshen mako nake zuwa, sannu a hankali har goshinta ya taɓa ƙasa. Da ta sallame ta yi ta sa mini albarka, sannan ta tambaye ni tun yaushe na iya aikin nan. Na faɗa. Ta naɗe dardumarta, sannan ta ce ashe tun kafin ta hau kujerar ne.

Har gobe maganar nan tana cin raina. Ni na ɓoye don kare mutuncina, baiwar Allah ce ta kwana a ciki. 'Yan'uwa, in Allah ya hore muku abin da zai amfani wani, kada tsoron bakin dangi ya sa ku danne shi. Goggo ta yafe mini, amma tarawihin da ta yi a zaune ba ni da yadda zan mayar mata da shi.