Sista Mai Jan Biro da Matan da Ba a Ƙidaya Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar da aka fi sani da Sista Mai Jan Biro a shekarar 1952 a unguwar bayan layin dogo, mahaifinta tela, mahaifiyarta mai kitso. Ta kammala makarantar ungozoma a 1973.

Aiki da Aure

Ta shekara ashirin da shida a ɗakin haihuwa na babban asibiti. Al'adar wurin ita ce, matar da aka kawo ta riga ta cika ba a shigar da ita rajista, sai a ce wa dangi su juya da gawarsu. Ita kuwa takan rubuta su da jan biro a bayan littafin, kowace da unguwarta, daga nan laƙabin ya samo asali. Cikin goma, bakwai 'yan bayan layin dogo ne. A 1975 ta auri wani malamin makaranta, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Majalisa

An zaɓe ta 'yar majalisa a 1999. A 2001 ta gabatar da ƙudurin da zai wajabta rubuta duk macen da ta rasu wajen haihuwa, a gida, a hanya ko a asibiti, a kuma karanta adadin a zauren majalisa duk shekara, unguwa-unguwa. Sau uku ana jingine shi. Shugaban kwamiti ya taɓa ce mata, "Sista, mu doka muke yi a nan, ba zaman makoki ba." Ta ce, "Ranka ya daɗe, makokin ana yin sa kullum, gidanka ne dai bai iso ba."

A 2006 ƙudurin ya zama doka, amma bayan kwamiti ya soke "gida" da "hanya", wai babu sa hannun likita. Ta amince, tana ganin da babu gara ba daɗi, kuma wannan ne babban kuskuren rayuwarta. Rahoton farko ya nuna bayan layin dogo ta fi ko'ina ƙarancin mace-mace, aka tafa, aka ɗauke motar asibitin unguwar aka kai wani wuri.

Ƙarshen Rayuwa

A 2010 autarta ta rasu tana naƙuda a bayan motar haya, kafin a kai ƙofar asibiti. Daga nan Sista ba ta sake magana a bainar jama'a ba, kuma abin takaici ne cewa gyaran da ta nema daga baya, na mayar da "gida" da "hanya" cikin dokar, har yau yana hannun kwamiti.

Allah Ya yi mata rasuwa ranar 3 ga Mayu, 2014, aka yi jana'izarta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu. Ta bar 'ya'ya huɗu: injiniya, malamar makaranta, direba da ungozoma. Autar ba ta cikin wannan jeri, ba ta kuma cikin rahoton majalisa na shekarar da ta rasu.