Kafaɗar Malam Pang

Duk wanda tayar kekensa ta taɓa yin faci a ƙauyenmu ya san Gu Changshun, ko dai ya san kafaɗarsa. Ta hagu ce, a karkace take kamar ta mai ɗibar ruwa da guga ɗaya. A bakin kasuwa yake gyaran keke, dab da inda nake sayar da awara. Shekara arba'in da shida ke nan ina kiransa Yaya, saboda ya riga ni durƙusawa gaban Malam Pang da wata huɗu kacal, kuma har yau bai bar ni na manta da wata huɗun nan ba.

A wajenmu koyon kung fu ba shiga kasuwa ba ne. Sai ka durƙusa ka miƙa wa malami shayi da hannu biyu. In ya sha ka zama ɗansa, a rubuta sunanka a littafin gida. In ya ajiye ka kama gabanka. Daga nan kuma babu tambaya. Abin da ka ga malam ya yi shi za ka yi, in ka kuskura ka ce don me, a tsayar da kai gwiwa a lanƙwashe har cinyoyinka su kama rawa.

Salon Malam Pang taku talatin da biyu ne. A na goma sha ɗaya yakan sauke kafaɗar hagu, ya ja ƙafa a ƙasa, sannan ya kai naushi. Duk faɗin yankinmu na Cangzhou ba gidan da ke yin haka, don haka muka yanke cewa sirrin gidanmu ke nan. Malam bai taɓa cewa haka ne ba, amma shi mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba. Yaya Changshun ya ɗauki abin da zafi. Kullum da safe yana gindin magaryar bayan gidansa yana maimaita takun sau ɗari biyu. An ba shi aiki a masana'anta a birnin Tianjin ya ƙi tafiya, wai wa zai riƙe sirrin. A hankali kafaɗar ta zauna a haka, shi kuwa har ƙara karkata ta yake yi in ya ga baƙi.

Da Malam ya rasu, littafin gida da almajirai hannun Yaya Changshun suka koma. 'Yar Yaya ɗaya ce, Yanqiu. Ya sha shayinta tana shekara goma sha biyu, kuma ta fi mu duka, ko da yake faɗin haka ba ya mini daɗi. Tana shekara ashirin da shida ta gaya masa, cikin ladabi, cewa in ta bar kafaɗarta a miƙe naushin ya fi fita da ƙarfi. A gaban almajirai ya ɗauko littafin gida ya ja baƙin layi a kan sunanta. Ta tattara ta koma birni tana koyar da wasanni a makarantar firamare, shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Ni ma a lokacin bayansa na goya, har da gyaɗa kai.

Bara, ranar sharar kaburbura, sai ga jikokin Goggo Shouzhen sun kawo ta a keken guragu. Ƙanwar Malam ce, shekararta casa'in, tun da aka kai ta aure can arewa ba ta sake taka ƙauyen ba. Muka share kabarin Malam, muka kunna turare, muka jera abinci, sannan mu almajiransa tara muka yi sahu don mu nuna masa ba mu yar da abinsa ba. Da muka zo taku na goma sha ɗaya duk muka sauke kafaɗa muka ja ƙafa. Sai tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku dakata. Me yayana ya yi muku da za ku zo kan kabarinsa kuna kwaikwayon nakasarsa?"

Yaya Changshun ya rusuna ya ce mata wannan ai sirrin gida ne. 

"Wane sirri, ɗan nan? Alfadari ne ya harbe shi a bakin rijiya yana shekara talatin. Ni na ɗaure masa kafaɗar da ɗankwalina."

Ta ce kunyar abin ta sa ya hana kowa zancensa, amma kafin nan a miƙe yake yin takun, yadda mahaifinsu ya koya masa, ita kuma tana leƙe ta tagar kicin. Ta sa aka tashe ta tsaye, jikinta na ɓari, ta yi takun sau ɗaya. Sak irin na Yanqiu.

 Mu tara, gemai-gemai da mu, ashe shekara arba'in da shida harbin alfadari muke gado. Na waiga na ga Yaya baki a buɗe, hannunsa na dama a kan kafaɗar, ko ƙiftawa ba ya yi.

Kwana uku bai buɗe rumfarsa ba. A na huɗu ya ce in raka shi birni, yana rungume da littafin gida da butar shayi. Yanqiu na buɗe ƙofa ya zube a gabanta. Uba durƙushe gaban 'yarsa. Ban taɓa gani ba, ban ma taɓa ji ba, saura kaɗan in juya in gudu. Ya buɗe littafin inda ya sake rubuta sunanta, ya tsiyaya shayi ya ɗaga da hannu biyu. Hannun hagu ya ƙi kaiwa, kofin ya karkace, shayin na zuba a kan takalminta.

"Baba, don girmanka ka tashi, maƙwabta na kallo."

"Ki sha tukuna," in ji shi. "Ki koya mini na goma sha ɗaya."

Ta karɓa ta shanye ɗan abin da ya rage. Sannan ta tashe shi tsaye, ta tallafi kafaɗar da tafin hannunta ta ɗaga a hankali. Ta ƙara ɗagawa da hannu biyu, hawaye na zubo mata. Kafaɗar ba ta motsa ba.