Bijimina da Rijiyar Ƙungiyoyi

Ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba aka kawo wa ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, famfon burtsatse mai aiki da inji. Daga ranar muka bar wa jemagu tsohuwar rijiyarmu. A lokacin ina da bijimi guda, fari, ina kiwata shi don in kai shi kasuwar Maigatari in sake rufin ɗakina, domin azarun sun fara lanƙwasa. Dusa da harawa yake ci, aikinsa kwanciya.

Da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, Kirista daga wajen Filato, mutumin kirki amma mai son taro. Wata rana ya ga layin motoci a gidan mai a Gumel, ya dawo ya ce yau babu karatu. Ya sa aka kira ƙungiyoyin garin: maƙera, masu faci, masu amalanke, da ardon Fulanin da ke shayar da shanu a famfon.

"Tambayar ɗaya ce," in ji shi. "In bazara ta zo babu man inji, me za mu sha? Kowa ya hango."

Kowa kuwa ya hango abin da zai yi masa daɗi. Masu amalanke suka hango kansu suna jigilar ruwa daga Gumel a duro. Masu faci suka hango ƙafafun amalanken suna fashewa a hanya, har suna murmushi. Sai ardo ya gyara zama ya ce, "A Damagaram ba ma jiran inji. Sa ake ɗaura wa igiya, ta bi ta kan gare. Yana tafiya, guga na hawowa."

Shugaban maƙera ya tafa hannu. "Ikon Allah! Yau bawana ya yi tunani. Ardo, wa ya ara maka kan?"

"Kai dai je ka hura wuta, baƙin maƙeri. Ubangidanka na magana."

Da wannan zage-zagen wasa na maƙeri da Bafulatani aka yi aikin. Maƙera suka samo garen tsohon babur, suka zura masa ƙarfe, suka ɗora a kan gumagumai biyu a bakin rijiyar. Masu faci suka ɗinka guga da robar cikin tayar babbar mota, wanda yaro zai iya wanka a ciki. Masu amalanke suka kawo igiya. Muka yashe rijiyar, mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya.

Saura sa. Nan take ardo ya tuna cewa shanunsa duk na matarsa ne. Masu amalanke suka ce nasu suna da aiki. Sai ido ya dawo kaina. Ni mutum ne mai jinkirin magana, kafin in gama shirya "a'a" a bakina har an shafa fatiha.

"Gwaji ne kawai, Malam," in ji malaminmu.

Ranar farko bijimin ya ƙi motsi. Da ardo ya murɗa masa wutsiya sai ya zabura, gugan ya taso sama ya juye a kan shugaban maƙera. Ardo ya ce tun haihuwarsa yau ya fara wanka. Daga nan ni na riƙa jan abina a hankali: mu tafi har guga ya iso baki, mu tsaya a juye, mu juyo. Haka kullum, har ya daina buƙatata.

Bazara ta zo, mai ya ɓace da gaske, inji ya yi shiru. Ba mu kwana da ƙishirwa ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga wajen Gagarawa, kowace ƙungiya tana nuna musu wurin da ta taɓa. Babu wanda ya nuna tozon bijimina, wanda ya zube ya koma kamar hular da aka zauna a kai.

Da mai ya dawo, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai na loda shi a akori-kura tun daga ƙofar gida, muka nufi Maigatari. Gidana dab da rijiyar yake, shi ya sa ban taɓa jan shi tafiya mai nisa ba, balle in lura da komai. A kara, wurin cinikin shanu, dillali ya samo mini wani manomi mai neman san huɗa. Ya taɓa ƙirjin, ya yaba, ya ce a ja shi ya ga tafiyarsa.

Bijimin ya tafi tiƙis-tiƙis, gwanin kyau. Da ya kai daidai tsawon igiyar rijiyarmu sai ya tsaya cak, ya ɗan jira a juye guga, ya juyo abinsa. Aka sake, ya sake. Aka sa masa sanda, ya dube mu kamar mu ne ba mu san aiki ba.

Manomin ya ce, "Malam, sanka na da ladabi. Amma gonata ta fi haka tsawo."

Dillali ya kai ni wurin mahauta. Suka latsa cinyar, suka ce su nama suke sayarwa, ba taya ba.

Na biya mota muka dawo tare. Na je na gaya wa ƙungiyoyin, suka yi dariya har ardo na share hawaye, sannan kowa ya yi mini jaje da kyau ya tafi. A tsakiyar daminar rufin ya zubo, Allah ya sa muna gona. Ni da iyali muka kwashe tabarmi muka koma zaure. Bijimin kuwa, rumfarsa ko ɗigo ba ta yi.